Mijin Yaya da Hanjin Baba

Baba tela ne a Fagge, mutum mai kamun kai har ya yi yawa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya yi gyatsa da ƙarfi ba, balle tusa.

Shekarar da aka yi masa aikin hanji a wani asibiti a Sabon Gari, nas ɗin, wata 'yar Zariya mai fara'a, ta ce ko ruwa ba zai sha ba sai ya saki iska. Ta ce bayan tiyata hanji barci yake yi. In ya farka zai riƙa matsawa yana tura iska ƙasa, fitarta ce shaidar hanya ta buɗe. In ta ƙi fita, likita zai iya mayar da shi tiyata.

Muka zauna jiran tusa kamar masu jiran ganin wata, ga kokon da Inna ta dama a ajiye. Cikin Baba na ta ƙugi yana kumbura, leɓensa ya bushe, amma shiru. Tsoro ya kama ni sosai.

Shi kuwa mijin yayata, bawan Allah, ya rufe shagonsa da ke unguwar Bata ya tare a gindin gadon. Fifita, gyaran matashi, "Sannu Baba" ba ƙaƙƙautawa. Kowa na sa masa albarka.

Inna ce ta gano bakin zaren. Ta ja ni baranda ta ce, "Ke, wannan tsohon riƙewa yake yi. Ya gwammace a sake yanka shi da ya yi a gaban suruki."

Nan take ta aiki mijin Yaya Rijiyar Lemo ɗauko wani bargo da babu mai buƙatarsa. Yana fita muka tayar da Baba, tunda nas ta ce tafiya na farkar da hanji. Ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, yana jan ƙafa, sai ga ta nan, doguwa, har da lanƙwasa a ƙarshe. Na fashe da dariya, hawaye na zuba.

Sai muka ji murya a bayanmu. Ashe makullin babur ya manta.

"Alhamdu lillahi! Barka, Baba!"

Baba bai waiwaya ba. Ya dubi bango ya ce da Inna, "A ba ni kokon nan. Shi ma a zuba masa."