Ashe shinkafar Alhaji ce ke cinye ni

Jiya a masaukina na unguwar Sanyuanli, a nan ƙasar waje da na zo saro kaya, na buɗe ɗan littafin da nake rubuta duk abin da na kashe, don kuɗin tura kayana Kano sun ƙi cika. Na ɗauka tasi ce ke cinye ni. Ashe shinkafa ce.

Sau goma sha huɗu a wata ɗaya na rubuta "abinci, ni da Alhaji". Alhajin nan ɗan Maraɗi ne, maƙwabcin ɗakina. Kun san halinmu, in an gama ci kowa sai ya miƙe yana "bari in biya". To a nan da waya ake biya, wanda ya riga miƙa tasa, kuɗinsa ne ke fita, kullum kuwa ni ke riga shi. Ni da nake kwashe awa guda ina ciniki a kan yuwan ɗaya, kuɗin ƙasar nan!

Na nuna masa littafin. Ya duba a tsanake, ya ce, "Ɗan'uwa, wallahi kullum sai na ciro wayata. Hannunka ne da sauri. Kuma na ga kana son lada, ni wane ne da zan hana ka?"

Yau na bar hannuna a aljihu. Muka tsaya gaban mai abincin, ina "bari in biya", yana "a'a, ni zan biya", ba wanda ya motsa. Sai da matar ta fara hararar mu Alhaji ya biya, yana salati.

Muna fita ya ce, "Ina ake sayar da irin littafin nan?"

Ku fa, shinkafar wa kuke biya?