Asabar Ɗin da Darakta Ya Zauna a Baya

Shekara talatin Darakta ya yi yana jan ƙungiyar wasan kwaikwayonsa, amma bai taɓa tsara abin da ya wuce Asabar mai zuwa ba. Mutum ne gajere mai ƙaton murya, ga taurin kai kamar ƙusa. Ba ya rubuta wasa. Kowane ɗan wasa sai ya ja shi gefe ya raɗa masa nasa zancen a kunne, wai don mamakin da za a yi a dandali ya zama na gaske. Ranar wasa kuwa yana tsaye gefen labule, in ya ɗaga yatsa ka shiga, in ya sauke ka fita.

Ana nan sai aka kawo sabuwar manaja cibiyar al'adun da suke atisaye. Ta ce ɗakuna sun yi kaɗan, duk ƙungiyar da ba ta kawo tsarinta na shekara goma ba, ta kwashe kayanta.

Shekara goma! Darakta ya juya takardar da ta ba shi ya cike gaba da baya, ya sa tabarau, ya cire. Shi da bai san wanda zai yi mura ranar Juma'a ba? Kwana uku yana fama, kansa ya ɗaure tamau, ƙarshe ya rubuta cewa za su ci gaba kamar yadda suka saba.

Manaja ta karanta, ta dube shi. "Baba, in wata Asabar ba ka zo ba fa?"

"Ina zan je?"

"A ce dai ba ka nan. Za su iya?"

"Ko ido rufe!" in ji shi, don baki ba ya kaɗan.

Ta ce to, za ta gani. Ranar Asabar ta zaunar da shi kujerar ƙarshe kusa da ita, ta ce ya sa hannu a aljihu.

Aka ja labule. Mai fitowa a alƙali ya shigo, ya faɗi nasa, ya tsaya. Shiru. Wanda zai amsa masa yana can ciki yana jiran yatsa. Alƙali ya waiga gefen labule, ba kowa, sai ya hau gyaran hula. Wayyo, gumi ya jiƙa Darakta sharkaf. Ɗakin nan ya tafi ke nan, kuma ya san shi ya jawo.

Sai ga wata murya ƙasa-ƙasa daga bayan labule: "Mai ƙara, shiga. Mai shaida, dakata tukuna." Mai ɗinkin kayan wasansu ce, wadda ta shekara ashirin a lungun nan da kekenta, duk raɗar da yake yi a kan kunnenta yake yi. Ta ja wasan har ƙarshe, ko tuntuɓe babu.

Da aka tashi ya je ya same ta. "Yaushe kika iya?"

"Yaya, sau nawa na ce ka gwada ni, kana cewa in ji da zare?"

Kunya ta kama shi, ya rasa murna zai yi ko kuka. Manaja ta iso da sabuwar takarda, ta ce ɗaki nasu ne in an cike wannan da kyau. Darakta ya zaro biro, ya miƙa hannu.

Sai manaja ta miƙa wa mai ɗinki takardar.