Mun Tashe Shi Daga Kan Ƙwai

Ina kasuwar Magariya, tsaye gaban buhunan gyaɗa biyu da na kawo, salula ta yi ƙara a aljihuna. Taubashina ne, ɗan Gwaggo. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "bawana" ko "ɓarawon ƙuli". Ran nan ya yi mini sallama cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi kasuwa. Daga nan na san ba lafiya.

"Macen ta faɗi," ya ce.

"Wace mace?"

"Jiminar. Tun hantsi take kwance, wuyanta a ƙasa. Liman ya ce ko a sa mata wuƙa kada ta tafi a banza. Ba wanda ya iya ɗaukar wuƙar. Yanzu ta mutu."

Na bar wa wani ɗan garinmu gyaɗar, na hau kabu-kabu. Ban tuna abin da na gani a hanya ba.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Gero muke nomawa, da wake da gyaɗa, kamar kowa. Abin da ya bambanta mu da maƙwabta shi ne jiminu biyu da ke bayan gidanmu. Mahaifina ya karɓe su suna 'yan tsaki daga hannun wani makiyayi da ya fito daga gabas, ya ba shi rago. Kakanmu maharbi ne. Ya sha ba Baba labarin yadda jiminu ke ratsa dajin arewa da gari garke-garke a zamaninsa. Baba bai tarar da ko ɗaya ba. Ina jin shi ya sa da ya ga tsakin a cikin kwando ya kasa wucewa.

Suka girma a gabanmu. Namijin baƙi ne, da fararen gashi a fukafukai, kuma in lokacinsa ya zo wuyansa yakan yi ja. Da asuba yakan kumbura wuya ya yi wani gurnani mai zurfi, wanda tsofaffi suka ce haka zaki ke yi. Macen toka-toka ce, ba ta da hayaniya.

Shekaru da yawa tana yin ƙwai, ba a bar mata ko ɗaya ba. Akwai guda a kan masallacinmu. Garuruwa uku na kusa sun roƙa don nasu masallatan. Masu magani suna zuwa, baƙi suna zuwa, Baba kuma bai iya cewa a'a ba. Duk wannan ban gan shi da idona ba. Bayan girbi take yin ƙwai, lokacin da ni da sa'o'ina mun ƙetare iyaka ci-rani. Sai ruwan fari ya sauka muke dawowa. Shekara ashirin ina kwana kusa da tsuntsayen nan, ban taɓa ganinsu a kan gurbi ba.

Wata rana ma'aikatan gandun daji biyu suka zo a kan moto, wato babur. Mutane suka tsorata, suna zaton ƙwace su za a yi. Babban cikinsu ya tsaya bakin shinge ya daɗe yana kallon jiminun. Daga baya ya gaya wa mai gari cewa irin wannan jimina mai jan wuya ta kusa ƙarewa a ƙasar baki ɗaya. Ya ce a daji an daina ganinta, sai kaɗan da ake tsare da su cikin shingen waya can gabas. Ya roƙe mu abu ɗaya, mu bar ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ya rubuta lambarsa a takarda ya ba Baba.

Aka yi taro gindin tsamiyar masallaci, aka kafa komite. Kowace unguwa za ta riƙa kawo dusa da harawa bi da bi. Mata suka ɗauki tsintar leda kowace Juma'a, don jimina duk abin da ta gani haɗiyewa take yi. Samari suka saro ƙaya. Meri, wato hukumar gundumarmu, ta ba mu wayar shinge naɗi biyu. Liman ya faɗa bayan salla cewa daga yau kada wanda ya sake roƙon ƙwai, ko don masallaci ne.

"Ikon Allah," in ji taubashina. "Tsuntsu ya samu komite. Ni mai 'ya'ya bakwai ko sakatare ban samu ba."

Aka yi dariya, amma shi ne ya fara kawo harawa.

Shekarar farko karnuka suka samu kafa a shinge suka fasa ƙwan. Muka toshe, muka ce sai baɗi. Da baɗin ta zo, Baba ya kwanta ciwo ana cikin girbi. Ban tafi ci-rani ba. Wata la'asar ina ba shi kunu ya riƙe hannuna.

"Kada ka bari a taɓa ƙwan nan."

"To, Baba."

"Kuma ka bar su su biyun. Sun san aikinsu."

Na ce to. Maganar farko na riƙe. Ta biyun na ɗauke ta irin maganar da mara lafiya ke yi. Ya rasu kafin a yi ƙwai na farko.

Namijin ya tona gurbi da ƙirjinsa a cikin rairayi. Macen ta fara yi, yau ta yi gobe ta huta, har suka kai goma sha ɗaya. Garin ya ɗauka. Mata in sun haɗu a rijiya lissafin da suke yi ke nan. Ni kuwa ina cikin makoki, amma kowace safiya ina zuwa bakin shinge, kuma nakan ji kamar Baba bai gama tafiya ba.

Sai namijin ya yi zafi. Ba ya barin kowa ya matso. Matar maƙwabcinmu ta shiga zuba ruwa a kwatarniya, kamar yadda ta saba, ya taso mata. Jimina gaba take harbi, ba baya ba. Ya tsaga mata cinya. A amalanke aka kai ta likita a Dungas, aka yi mata ɗinki.

Mijinta ya zo taron komite a fusace.

"Ko ku fitar da shi, ko ni in sa mishi wuƙa. Uwar 'ya'yana ba ta kai tsuntsu ba?"

Ba wanda ya ga laifinsa. Ni ma ina da abin da ke damuna, sai na faɗa. Na ce kwana uku ke nan in na zo bayan sallar asuba, namijin nake tararwa kwance a kan ƙwan da duk nauyinsa, macen tana gefe. Na ce ina tsoron ya kore ta ne, kuma zai farfasa su.

"Namiji da kwanci?" in ji taubashina. "To saura bawana ya ɗauki ciki."

Mutane suka fashe da dariya, har mijin matar ya ɗan saki fuska. Sai muryar Gwaggo ta fito daga bayan zana, inda mata ke zaune. Ƙanwar Baba ce, ta tsufa ƙwarai.

"Yayana yakan ce baƙin shi ne mai dare."

"Gwaggo," in ji mai gari, cikin ladabi, "kin yi kiwon kaji fiye da mu duka. Wane zakara kika taɓa gani a kan ƙwai?"

"Ban ce zakara ba."

"Inna, ki bari," in ji ɗanta. "Kawu wasa yake miki."

Mai gari ya juyo wurina.

"Kai ne magajin marigayi. Me ka ce?"

Takardar da ke ɗauke da lambar ma'aikacin tana cikin aljihun rigar Baba, rataye a ɗaki. Ban yi tunanin kiransa ba. Ba don raini ba. A ganina babu abin tambaya. Dukanmu mun tashi cikin kaji da zabi da agwagi, mun san wanda ke kwanci. In rago ya dami tunkiya mai jego, ɗaure shi ake yi a wani turke. Na ce a raba su.

Mu shida muka shiga. Muka zura masa ƙafar tsohon wando a kai. Da ya daina gani sai ya yi laushi, muka ja shi kamar makaho zuwa wani shinge da muka yi bayan rumbuna, taku arba'in daga gurbin. Na tuna na ji sauƙi a raina. Na ce na cika wa Baba alkawari, na tsare ƙwan.

Daga ranar bai zauna ba. Yana kai da komowa jikin waya har gashin ƙirjinsa ya zube. Muka ce jaraba ce. Macen tana kwanciya a kan ƙwan tun safe. In magariba ta gabato sai ta miƙe, ta je jikin shinge ta fuskanci wajen rumbuna ta tsaya. Mu kuma lokacin muke tafiya salla, daga nan sai gida. Da hantsi mu tarar da ita kwance, mu ɗauka a nan ta kwana. Sanyin shekarar ya yi tsanani, har tsofaffi suna kwana da wuta a ɗaki.

An gaya mana kwana arba'in da 'yan kai. Muka ƙirga arba'in. Muka ƙirga hamsin. Mata suka daina tambayata a hanya. Sannan wari ya fara tashi, macen ta bar gurbin gaba ɗaya.

Ran nan na ciro takardar na kira. Ma'aikacin ya zo washegari. Ya shiga shingen, ya duba gurbi, ya waiwaya.

"Ina namijin?"

Na nuna masa bayan rumbuna.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya ce a wurin jimina kwanci na biyu ne. Macen ke yin rana, don launinta ya saje da ƙasa. Namijin ke yin dare, don shi baƙi ne. Ya ce zafin da ya yi, ƙwansa yake karewa. Ya ce laifinsa ne da bai faɗa mana ba, ya zaci mun sani tunda mun daɗe da su.

Wanda ya sani ya faɗa mini tun yana kwance ciwo. Ban gaya wa ma'aikacin haka ba.

Ya fasa guda ɗaya da dutse. Akwai tsako a ciki. Ya yi ido, ya yi wuya, ƙafarsa da yatsu biyu kamar na ubansa. Sauran ba mu fasa ba. Muka haƙa rami muka rufe su duka. Taubashina ne ya riƙe shebur, shi ya mayar da ƙasa.

Da na koma gida Gwaggo ta aiko a kira ni. Na tafi ina jiran ta tuna mini maganarta. Ta miƙo mini ƙwaryar fura.

"Sha, ɗan yayana. Tun safe ba ka ci komai ba."

Abin da ta ce ke nan. Har yau ba ta ƙara ba.

Muka mayar da namijin wurin macen. Muka yi wata ƙofa ta zuba ruwa daga waje, yadda ba sai an shiga ba. Abu ne na yini ɗaya, wanda da mun yi shi tun farko da ya wadatar. Muka sake cewa sai baɗi.

Baɗin ta zo, macen ba ta yi ƙwai ba. Likitan dabbobi ya ce ko tsufa ne, ko wahalar bara. Daga nan jikin mutane ya yi sanyi. Unguwar da ke da dusa ta manta ranarta. Tsintar leda ta koma wata Juma'ar a yi, wata a bari, har aka bari. Damina ba ta yi kyau ba, harawa ta yi wuya ko ga awaki. Samarin da suka saro ƙaya sun tafi neman abinci. Ba na zarginsu. Sun ba da abin da suke da shi, aka kawo musu baragurbi goma sha ɗaya.

Ranar da na dawo daga Magariya na tarar da mutane tsaye bakin shinge. Gwaggo tana zaune a ƙasa kusa da gawar, da sandarta a kan cinya. Wasu baƙi sun riga sun zo neman kitsen don ciwon gaɓoɓi, ta hana. Likitan dabbobi ya buɗe cikin a gabanmu. Ya ciro dunƙulen baƙar leda da ya kai kan jariri, da guntun waya a tsakiyarsa. Na gane wayar. Ta shingenmu ce.

Muka rufe ta kusa da ƙwanta. Namijin yana tsaye can ƙarshen shinge yana kallonmu, ko kuwa wani abin yake kallo, ban sani ba. Ba na son in ɗora masa abin da ke raina.

Ma'aikacin ya ce zai rubuta takarda a nemo mana mace daga cikin waɗanda ake tsare da su a gabas. Bai yi mini alkawari ba. Ya ce su ma kaɗan ne, kuma ba za a ba garin da ba shi da fili mai katanga ba. Mai gari ya ba da fili. Ni da taubashina da mutum huɗu muka buga tubali, muka fara gini ta gefen gabas. Mijin matar da aka harba yana cikinmu. Da muka kai layi na uku ruwa ya sauko, kowa ya koma gona. Bayan girbi uku daga cikinmu suka tafi ci-rani.

Bana ma wuyansa ya yi ja. Ya tona gurbi a wuri ɗaya da na da. In na fito daga sallar magariba nakan bi ta bayan gida, in same shi ya kwanta a ciki, ba komai a ƙarƙashinsa. Nakan zuba masa ruwa ta ƙofar waje in wuce.

Amsar takardar ba ta zo ba. Katangar tana nan a layi na uku.