Ƙarfen da Albert Ya Yi wa Tsaga

A ƙauyen Maitama aka haifi Albert Shekwolo, tun wurin yana gonakin doya da dawa, tun ba wanda ya san za a wayi gari ana tsaron ƙofofinsa da karnuka. Ubansa manomi ne, Gbagyi, amma Albert bai gaji fartanya ba. Tun da manyan motocin gini suka fara ratsa gonakinsu suna fasa hanya, hankalinsa ya koma kan ƙarfe. Uban ya yi faɗa har ya gaji, ya kai shi Suleja wurin wani bakanike. Kafin ya gama koyon aiki an tashi ƙauyen, an kwashe mutanensa zuwa Kubwa. Da ya dawo sai ya kafa rumfa a Dei-Dei, bayan masu katako, inda ƙurar siminti take haɗuwa da warin shanun kara.

A shekarun nan ne gwamnati ta tattaro daga Legas ta dawo Abuja. Ma'aikata suka biyo ta da iyali da katifu da tsofaffin motocin da ake kira Baljiyam, waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a Turai suka zo nan tsufa. Titunan cikin gari sumul suke, amma ƙaramin ma'aikaci ba a cikin gari yake kwana ba. A Karu yake kwana, ko Nyanya, ko Kubwa, motarsa tana shan rami safe da yamma, abin da ke fara gajiya kuwa ƙafa ce da sitiyari. A nan Albert ya tsaya. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa waya. Amma in mota ta fara ja gefe guda, ko sitiyari ya yi lako-lako a hannu, ko ana jin ƙwas-ƙwas in an karya kwana, sai a ce a kai wa Albert.

Yana da wata ɗabi'a da ya ɗauko wurin ubangidansa na Suleja. Duk ƙarfen da ya cire daga mota don ya mutu, sai ya ɗora shi a kan wani guntun ƙarfen layin dogo, ya sa cizal ya yi masa tsaga, biyu a tsaye, ɗaya a gicciye. Yakan nuna wa mai motar tsagar don kada gobe a ce wanke tsoho aka yi aka mayar. Daga nan ya jefa shi bayan rumfa. In tarin ya yi tsayi, 'yan gwangwan su zo da kura su kwashe, su ce wurin narkawa za su kai.

Wanda ya fi kowa yi masa tsiya a kan tsagar nan shi ne Ɗangoggo, wani direban tasi mutumin Zariya, wanda ya fara kawo masa mota tun rumfar ba ta da rufi.

"Oga Albert, wai har ƙarfe ma sai ka yi masa tsagar gado? Wannan ɗan wane gida ne?"

"Ɗan gidanku ne. Ba ka gani ba? Ba ya aiki, sai surutu."

"Allah ya shirye ka. Zo ka duba mini amaryar nan, ɗingishi take yi."

"Amarya? Motar nan ta girmi kakarka."

Haka suke. Naman layya yakan iso gidan Albert daga gidan Ɗangoggo, shinkafar Kirsimeti ta bi hanyar ta koma. 'Ya ɗaya Allah ya ba Albert da matarsa Elizabeth, sunanta Lydia. Tun tana firamare Ɗangoggo ke rage mata hanya, tana ce masa Kawu. Da ta gama kwalejin horon malamai ta sami koyarwa a wata firamare a Karu, sai ta riƙa kwana can wurin ƙanwar mahaifiyarta. Litinin da safe Ɗangoggo ya ɗauke ta tare da fasinjojinsa, Juma'a da yamma ya dawo da ita. Kujerar gaba tata ce, ba a sayar wa kowa.

Wata Juma'a cikin damina ya sauke ta a bakin rumfa. Albert ya fito yana share hannu, ya kama tayar gaba ta dama ya girgiza, kamar yadda ya saba yi wa duk motar da ta tsaya kusa da shi. Tayar ta amsa. Ya durƙusa ya leƙa. Tayarod ne, wato ƙarfen nan mai kai kamar gwiwa da ke haɗa sitiyari da taya. In ya lalace yakan yi wasa, in ya ɓalle kuwa direba yana murza sitiyari taya tana tafiya inda ta ga dama.

Albert ya ce, "Tayarod ɗinka ya gama. Kada ka ɗauki kowa sai ka canza."

"To canza mini mana."

"Gobe da asuba muna tafiya Bwari, jana'izar kawuna. Sai Litinin da rana."

"Ni kuma in yi ta zama ina kallon bango? Zan nemi Baljiyam mai kyau, in sa a ɗaura mini a tasha."

"Ka canza dai."

"An gama, ranka ya daɗe, likitan ƙafa."

Ranar Litinin da safe Lydia ta shiga kujerarta. A gangaren Kugbo, kafin a kai Karu, motar ta ƙi hannu. Ta bar titi ta daki bakin kwalbati da gefen dama. Fasinjojin baya sun ji rauni, Ɗangoggo ya karye a ƙugu da ƙafa. Lydia ba ta kai asibiti ba.

A Kubwa aka binne ta. Yaran ajinta sun zo da malamansu, suka tsaya a layi cikin rigunan makaranta. Albert ya zauna kwanakin makoki a kan benci a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa, yana cewa na gode. Magana ɗaya ya yi da ta wuce wannan, ba kuma da ƙarfi ya yi ta ba. Cewa ya yi, "Na gaya masa. Da bakina na gaya masa."

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta kai tasha, ta kai ofishin 'yan sanda masu binciken haɗari. Aka ce bakanike ya gargaɗi direba, direba ya yi kunnen ƙashi ya kwashi mutane. Aka ajiye ɗan sanda a ƙofar ɗakin da Ɗangoggo ke kwance, aka ce da zarar ya iya tsayawa kotu za a kai shi. Shi kuwa yana ta rantsuwa cewa ya canza. Wanda ya sayar masa da ƙarfen a bakin hanya yake shimfiɗa kayansa, an nema ba a gan shi ba. Wanda ya ɗaura masa a tasha ya ce shi bai taɓa ganin motar ba. Matar Ɗangoggo ta zo gaisuwa, Elizabeth ta shimfiɗa mata tabarma suka yi kuka tare. Albert ya tashi ya bar gidan har sai da ta tafi.

Sai aka aiko masa ya je ya ba da shaida, tun da shi ne bakaniken da ya yi gargaɗin. Da safen yana ɗaura takalmi Elizabeth ta tsaya a kansa.

"Baban Lydia, ka ga motar?"

"Me zan gani a ciki?"

"Ban sani ba. Amma tun da na aure ka ban taɓa ganin ka yarda da maganar mai mota ba, sai ka shiga ƙarƙashi da kanka."

Da zai fita ya ɗauki sifana biyu ya sa a aljihu.

Motar tana bayan ofishin, cikin 'yan uwanta da suka mutu, ciyawa ta fara fitowa ta ƙarƙashinsu. Albert ya roƙi jami'in da ke riƙe da maganar ya bar shi ya duba kafin ya yi bayani. Ya zagaya ta baya don kada idonsa ya faɗa kan kujerar gaba. Ya kwanta a ƙasa ya ja jiki ya shiga.

Abin da ya fara gani noti ne, da ɗan fil ɗin da ke riƙe shi. Fil ɗin fari ne tas, ko tsatsa bai fara ba. Robar da ke rufe kan tayarod ɗin sabuwa ce, baƙin fentin jikinsa yana ƙyalli. Wannan ba shi ne ƙarfen da ya girgiza ranar Juma'a ba. Ɗangoggo ya canza.

Kan ƙarfen ya fice daga gurbinsa. Albert ya kwance shi, ya sa yatsa cikin gurbin ya zaro wani abu mai laushi. Guntun silifa ne, shuɗi, an yanka shi daidai ramin. Ya san aikin, ko da yake bai taɓa yi ba. A ɗauki mataccen tayarod a cusa masa roba, a bubbuga bakin ya matse, a cika da giris, a sa masa sabuwar riga da fenti. In ka murza shi a hannu sai ka ji shi da ƙarfi kamar yau ya sauka daga jirgi. Yakan yi kwana biyu, wani lokaci wata guda, sannan rami ɗaya ya ƙarasa shi.

Yana jujjuya shi sai babban yatsansa ya ji wani gurbi a ƙarƙashin fentin. Ya sa bakin sifana ya kankare. Biyu a tsaye, ɗaya a gicciye.

Ya daɗe a kwance. Ya yi ƙoƙarin tuna motar da ya cire shi daga jikinta, ko ta wani ma'aikaci ce, ko ta wata malamar asibiti, bai iya ba. Sun yi yawa. Shekara da shekaru yana yi musu tsaga yana jefawa bayan rumfa, yana taya 'yan gwangwan lodawa a kura, har yana yi musu sannu da aiki.

Jami'in ya sunkuyo ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Albert ya fito, ya karkaɗe bayansa, suka shiga ofis. Jami'in ya ɗauki biro.

"An ce ka gargaɗe shi a kan sitiyarin."

"Na gargaɗe shi."

"Bai ji ba ke nan."

"Ya ji. Ya canza." Ya ajiye ƙarfen da guntun silifar a kan tebur, ya nuna fil, ya nuna roba, ya nuna fenti, ya faɗi yadda ake yin aikin. "Mataccen ƙarfe aka sayar masa. Ko ni aka miƙo wa shi da fentinsa, sai na ce mai kyau ne."

"Ya aka yi ka san matacce ne tun farko?"

Albert ya juya ƙarfen ya nuna masa tsagar. "Duk Dei-Dei an san wannan. Bakanike ɗaya ke yin ta, kuma sai ƙarfe ya mutu yake yi."

"Wane ne?"

"Ni ne."

Daga nan asibiti ya wuce. Da Ɗangoggo ya gan shi a bakin ƙofa sai ya juya fuska ga bango. Ya rame, an ɗaure ƙafarsa da wani nauyi yana reto a ƙarshen gado. Albert ya jawo kujera ya zauna.

Ɗangoggo ya ce, yana kallon bango, "Wallahi na canza, Albert."

"Na sani. Daga wurin motar nake."

Ya gaya masa abin da ya gani, bai rage kome ba. Da ya zo kan tsagar sai ya ce:

"Kullum kana tambayata ɗan wane gida ne. Wannan ɗan gidana ne."

Ɗangoggo ya juyo. Ya yi salati a hankali, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Ya ce, "Guda huɗu mai kayan ya zube mini. Na bi su ɗaya-ɗaya ina murzawa, na ɗauki wanda ya fi ƙarfi. Na ce 'yata zan ɗauka ranar Litinin."

Albert ya kama hannunsa. Haka ma'aikaciyar jinya ta same su da ta zo ba da magani.

Bayan 'yan makonni aka janye ɗan sandan daga ƙofa, maganar kotu ta mutu. Ɗangoggo ya warke, amma ƙafar ta gajarce, bai sake riƙe sitiyari ba. Albert ya tsaga masa wuri a gefen rumfa, ya kafa tebur yana sayar da baƙin mai da giris.

Tun daga lokacin Albert bai ƙara yi wa ƙarfe tsaga ba. Babbar guduma ya saya. Duk tayarod ko wani ƙarfen ƙafar mota da ya cire, sai ya fasa kansa ya lanƙwasa wuyansa yadda ba mai fentin da zai iya tashinsa. 'Yan gwangwan suka yi ƙorafi, wasu suka daina zuwa, a nan ya gane waɗanda narkawa suke kaiwa da gaske. Ya kai maganar taron kanikawan layinsu. Mutum biyu ko uku suka bi shi, sauran suka ce Allah ya ba shi haƙuri, suka ci gaba da yadda suka saba.

Yanzu ya tsufa, gudumar ta fara yi masa nauyi. In la'asar ta yi, Ɗangoggo yakan dawo daga masallaci yana dogara sanda, ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya ɗauki awartaki ya riƙe ƙarfen a kan guntun dogon nan.

"Oga Albert, ka dai lura da yatsuna. Ƙafa ɗaya ta tafi, kada ka haɗa da hannu."

"Riƙe da kyau, tsoho."

Sai Albert ya ɗaga gudumar.