Wanda Zai Kwana a Ciki

Jiya da la'asar na fito daga ramin da muke aiki a ciki ina cewa halas, aiki ya ƙare. Kwana huɗu muna shimfiɗa faiba, zaren gilas ɗin nan mai hana yoyo, a kwamin kifin ado, irin jajayen nan da ake kira koi, a lambun wani gida. Ya bushe, sai sheƙi yake.

Ammu Usman, dattijon Bahaushen Sudan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya cire safar hannu ya shiga, yana shafa bangon da tafinsa a hankali. Can a kusurwa ya tsaya, ya nuna min yatsa da jini. Tsinin faiba ne, bai kai ƙayar kifi ba.

Na ce, "Ammu, zafin nan fa! Mai gida ba zai taɓa ganinsa ba."

Ya ce, "Mai gida daga sama zai leƙa, ya waladi, ɗana. Kifi ne zai goga cikinsa a nan kullum, kuma ba shi da bakin ƙara. Yalla, kawo sanfefa a goge shi."

A motar komawa masaukinmu a unguwar Waziriyya sai na tuna gida. Wata shida ana gina wa Innata ɗaki a Kano, hoton gaban kawai nake cewa a turo min. Ban taɓa tambayar tsayin dokin ƙofar ba, ga ta da ciwon gwiwa, kuma na san ba za ta faɗa ba.

Yau na kira magini.

Ku fa, wa ke zaune shiru cikin abin da kuka gina masa?