Usta Khalaf da Jan Ruwan Lagireto

Usta Khalaf, wato Malam Khalaf makanike, ba ya karyawa sai ya share ƙofar shago. Yana dawowa daga sallar asuba zai ɗaga ƙofar ƙarfen, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya jingina lagiretocin da aka kawo masa gyara a jikin bango. Sannan ya zauna a kan tsohuwar taya da kwanon dafaffen wake da gurasa, da baƙin shayi mai ɗaci. Ba ya hira da safe. In ka gaishe shi, hannu zai ɗaga. In ka zo da mota tana tururi, zai ce, "Kashe. Zauna. Kada ka taɓa murfin." Gaisuwar ke nan.

Haka ƙauyenmu na yamma da garin Esna ya san shi tun kafin a haifi yawancinmu. A wannan watan ya rufe shagon. Hannu ya fara rawa, ido ya daina ganin ƙaramar ɓula, shi kuma ya ce ba zai liƙe wa mutum lagireto da kintace ba. Ba a yi masa taro ba. Ba a yanka ko kaza ba. Sai wannan 'yar takardar.

Sauran makanikai ɓoye hannu suke yi in suna aiki. Shi korar mutane yake yi.

"Canjin ruwa ne ya kawo ka? Koma gida. Wannan ko uwarka za ta iya."

Sai ya tsugunar da kai a gaban motarka ya nuna maka. Ka bar inji ya huce sarai. Ka sa daro a ƙasa, ka kwance magudanar da ke gindin lagireto, ka bar tsohon ruwan ya tsiyaye. Ka ɗauraye da tataccen ruwa, ba na famfo ba, ba na randa ba, don suna barin tsatsa. Ka toshe. Ka zuba sabo da mazurari, sannu a hankali. Ka tada inji murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita. Kada ka haɗa jan ruwa da kore. Direbobin motocin rake sun san wannan karatun kamar Fatiha. Akwai wanda har yau yake nuna bayan hannunsa yana cewa nan Usta ya make shi da sifana lokacin da ya kai hannu kan murfi mai zafi, kuma ba don wannan dukan ba da yanzu ba shi da fuska.

Sharaɗi ɗaya yake kafawa. Tsohon ruwan nasa ne.

"Yana da zaƙi, kuma yana kisa. Kada ka zubar a tsakar gida. Kada ka zuba a hanyar ruwan gona. Ajiye min."

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya hau kekensa da babbar jarka a baya, ya bi gidajen masu mota yana karɓa, daga baya ya kai wa masu tara baƙin mai a gari. Matasan bakin gada suna masa tsiya. "Ga mai karɓar zakkar lagireto nan!" Ba ya ko juyowa.

Kai ne wannan, Usta. Shekara da shekaru kana yawo da dafin mutane a bayan kekenka, ana dariya.

Wata Juma'a ta tsakiyar zafi, shekarun baya kaɗan, Haridi direba ya tashi canja ruwan motarsa a ƙofar gida. Tsohuwar mota ce mai kujeru bakwai, da ita yake jigila tsakanin ƙauye da gari. Ya yi komai yadda aka koya masa. Jan ruwan ya tsiyaye cikin daro. Da ya ga kaji sun fara zagaye daron, sai ya tuna gargaɗin, ya yi sauri ya juye a jarka. Jarkar ta cika, saura ya rage. Ya ɗauki gorar ruwan sha da ba komai a ciki, ya ɗura sauran, ya murɗe murfi, ya ajiye a bakin ƙofa.

A lokacin guɗa ta tashi daga cikin gida. Sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, babbar 'yarsa Shaima ta ci. Haridi ya ruga ciki da hannu jage-jage, ya bar mota baki buɗe.

A nan, abin farin ciki ba ya cika sai da sharbat. Jan ruwan zaƙi, a dama a babbar tukunya, a ɗura a gorunan ruwan sha, a jera a bahon ƙanƙara, duk wanda ya shigo a miƙa masa kofi. Kafin a tafi masallaci gidan ya cika da mata. Hajja Nabawiyya, mahaifiyar Haridi, ta leƙo waje ta ga gora ja a rana. Ta ɗauka tana mita a kan 'ya'yan zamani da ba su san darajar sukari ba, ta kai ta cikin bahon tare da sauran.

Usta ya iso bayan salla, cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a. Aka ba shi kofi. Ya yi wa Shaima barka, ya kurɓa sau ɗaya.

"Ina tsohon ruwan nawa, ya Haridi?"

"Kai dai, ya Usta, ko ranar biki sai ka karɓi zakka? Ga jarkar can. Akwai ragowa a gora, bari in ɗauko."

Ya fita. Ya dawo hannu wayam.

"Wa ya ɗauki gorar da ke bakin ƙofa?"

"Wadda ka yasar a rana?" in ji Hajja. "Ni na ɗauka, sakarai. Tana cikin ƙanƙara. Ai da ta lalace."

Usta ya ajiye kofinsa a ƙasa. Bai taɓa ɗaga murya a gidan mutane ba, ranar ya ɗaga.

"Kowa ya ajiye kofinsa. Kowa!"

Ya durƙusa gaban bahon yana buɗe gorunan ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Sukari. Sukari. Sukari. Ya kai ta ƙarshe, sukari. Wadda yake nema ba ta ciki. Ya ɗago ya dubi tsakar gidan. Duk wanda ya gani leɓensa ja ne, tun daga tsofaffi har jarirai.

Shaima ce ta gano ta. A ƙarƙashin matakalar bene, ƙanwarta Sundus, 'yar shekara huɗu, tana zaune da gorar tsakanin ƙafafu, murfi a gefe. Ruwan ya ragu. A gabanta akwai kwanon kyanwarta, wani muzuru mai suna Mishmish, kwanon ma ja.

Usta ya tsuguna. Ya sassauta murya da ƙyar. Ammu yara suke ce masa, wato baffa.

"Sundus, 'yar Ammu, sharbat kike sha ke kaɗai ba tayi?"

"Mishmish na ba. Shi ba wanda ya ba shi."

"Ke fa?"

"Kaɗan. Ba daɗi. Yana warin hannun Baba."

"Kaɗan kamar yaya?"

Ta ɗaga kafaɗa. Ta koma shafa kyanwa.

Hajja ta dafe ƙirji. "Ku kawo madara! A ɗura mata, a sa mata yatsa a maƙogwaro!"

"Ba madara, ba yatsa, ya Hajja. Asibiti."

Haridi yana tsaye kamar an dasa shi. "Ya Usta, dube ta mana. Wasa take yi. Ta ce kaɗan ne. Mu ɗan jira mu gani."

"Haka yake yi. Yau wasa, gobe ƙoda ta tsaya. In ka jira ka gani, ka makara. Ɗauke ta."

Uwar yarinyar ta riga ta saɓa ta a kafaɗa. Suka fito waje. Nan kowa ya tsaya cak. Motar tana nan yadda Haridi ya bar ta, baki buɗe, magudana a kwance, lagireto ba ko ɗigo. Sabon ruwan yana cikin robarsa ba a gauraya ba, tataccen ruwan kuma ya ƙare wajen ɗauraya. Ita kaɗai ce mota a unguwar a wannan ranar, sauran sun tafi ɗaurin aure ƙetaren kogi. Asibitin gari ba tafiyar keke ba ce.

Usta bai cire jallabiyar ba. Ya kwanta da ita a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya shige ƙarƙashin motar. Yatsunsa suka ƙi kama abin toshewar. Ya zame masa, ya lalubo, ya sake zamewa. Ya ce wa kansa, Khalaf, ka ɗaura dubunsa, ɗaura wannan. Ya kama. Ya murɗe har ya ji ya zauna.

"Ruwa! Ku kwaso na randa!"

Haridi ya ce, "Na randa, ya Usta? Kai fa ka ce..."

"Na ce. Zuba!"

Mata suka yi layi da kofunan sharbat da butoci, suka kwashe randar ƙofar gida tas. Babu lokacin jiran iska ta fita. Usta ya mammatsa babban tiyon da hannu, ya rufe murfi, ya shiga gaba da gorar da robar sabon ruwan a cinya don likita ya ga irinsa. Haridi ya ja.

Duk hanyar Usta bai kalli titi ba, allurar zafi yake kallo. Suna wuce gonakin rake ta fara hawa. Ya miƙa hannu ya kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe, don ta janye zafin daga inji. Iska mai ƙuna ta cika motar a tsakar rana.

"Za ka gasa mu, ya Usta!"

"Gara mu da inji. Taka, kada ka tsaya."

A baya Sundus tana tambayar uwarta ko za a sayo mata alewa a gari. Usta ya ji muryar, ya so ta ci gaba da surutu. Allurar ta tsaya dab da jan layi, tana rawa, ba ta haye ba. Haka suka shiga ƙofar asibiti.

Likitar, wata matashiya, ba ta ɓata lokaci ba. Ta karɓi gorar, ta karanta jikin robar, ta tambayi yaushe abin ya faru, ta sa aka shiga da yarinyar. Aka ɗebi jini, aka ɗaura ruwa, aka fara magani. Usta ya zauna a ƙasan baranda, bayansa duk laka. Ya yi la'asar a wurin. Haridi ya zo ya tsuguna kusa da shi.

Kafin magariba likitar ta fito.

"Ta sha, amma ba da yawa ba. Kun zo da wuri. Za mu riƙe ta mu ga yadda ƙodar za ta yi, amma hankalina a kwance yake."

Haridi ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Usta ya miƙe, ya kakkaɓe jallabiyar da ba ta kakkaɓuwa, ya ce, "Ba ni makulli. Ruwan randa ba zai kwana a motar nan ba."

Bayan 'yan kwanaki aka sallamo Sundus tana tsalle. Mishmish bai kai ba. Shaima ta tsince shi a bayan tanderun gurasa, ta binne shi ba tare da ƙanwar ta gani ba. Aka ce wa Sundus ya tafi ƙauyen gaba neman aure. Duk wanda ya ga kyanwar nan ya san abin da aka tsallake, kuma ba wanda ya faɗa da baki.

Hajja Nabawiyya, wadda ba ta taɓa taka shagon makanike ba, ta zo da sandarta ta tsaya a ƙofa.

"Ni na sa gorar a ƙanƙara, ya Khalaf. Da hannuna."

"Haridi ya ɗura, ke kika ɗauka, ni kuma na san jarkarsa ƙarama ce ban ba shi wata ba. Zauna ki sha shayi, ya Hajja. Yarinya tana gida."

A makon nan ya tattara tsofaffin jarkoki, ya shafe su da baƙin fenti, ya ajiye ɗaya a kowane gida mai mota. Matasan bakin gada suka daina tsiyar. Bai lura ba.

Kai ne, Usta, wanda ya kwanta a laka da kayan Juma'a. Kai ka karya dokarka da bakinka a ranar da ta zama dole, kuma ba ka tsaya neman mai laifi ba. Ba ka da ɗa a gidan nan, ba ka da komai a motar nan. Mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu, ya saka maka da abin da ba za mu iya ba.

Mu da muka rage, aikin ya dawo kanmu. Wanda zai canja ruwan motarsa a gida, ya canja, ba wuya. Amma ya tanadi inda tsohon zai shiga tun kafin ya kwance magudana, kuma kada ya kusanci gorar da baki ya saba da ita. Wanda ya iya wani abu ya koya wa maƙwabcinsa, sannan ya koma ya duba yadda aka yi da shi.

Sundus tana firamare yanzu. Ba ta tuna asibitin. Hanyar makarantarsu ta bi ta ƙofar gidan Usta, inda yake zama da hantsi a kan benci. Rannan ta tsaya da jakarta a baya tana kallon yadda kofi ke rawa a hannunsa.

"Ammu Khalaf, ka tsufa!"

Ya dube ta.

"Ke ma za ki tsufa, in sha Allahu. Wuce, kin makara."