Kunnen Yaya Ummaru a Kan Gora

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana Ummaru, masuncin Argungu da tambaya ta fi masa kifi daɗi. Ya rasu matarsa na da ciki, shi ya sa shi da 'yarsa Hadiza ba su taɓa ganin juna ba.

Wani tsohon sojan yaƙin Bama ne ya jawo mana. Ya ce jirgin ruwan da ya kwaso su yana da na'urar da ke jefa ƙara cikin teku, ta bugi abu ta dawo, a san zurfi, a san ko jirgin abokan gaba ya laɓe a ƙasa. Kowa ya yi dariya ya watse, ban da Yaya. Tun daga ranar, jama'a na cusa homa cikin gulbi, shi yana kwance kan gorarsa ta iyo, ya manna kunne, yana ƙwanƙwasa ta da zobe yana jiran amsa. Kifin da ya kuɓuce masa a haka, Allah kaɗai ya san yawansa. In aka yi masa tsiya sai ya ce, "Ku dai bari. Ruwa na magana, mu na kurame."

Bana Hadiza, wadda ke aure a Nasarawar Birnin Kebbi, tana da tsohon ciki sai ɗan ya daina motsi. Ungozoma ta taɓa, ita ma ba ta ji motsi ba. Na tsorata ƙwarai, don iyakar jinin Yaya ke nan a duniya. Muka kwashe ta sai asibitin Sakkwato, aka shige da ita, ni ina waje ina jan carbi.

Ta daɗe ba ta fito ba. Ashe ita ce ta tsare likita da tambaya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Baba, shina da rai! Na ga zuciyatai tana bugawa," in ji ta. "Wai ƙara ta aka turawa cikin ruwan ciki ta komo da hoto. Likita ya ce na'urar hoton nan asalinta ta jirgin ruwa ta."

Sai da na nemi wuri na zauna.

Da Yaya na nan, ba na jin zai tsaya yi mana gori. Roƙon likita zai yi a ara masa ita ya kai gulbi. Gorarsa ta fashe tuntuni, homarsa ta ruɓe, tambayar nan ce ta ƙi mutuwa. Allah ya jiƙan ka, Yaya. Ruwan ya amsa, kuma jikanka ne a ciki.